Katin gayyata mai lissafi a Jidda: a sayi na'ura ko a ci gaba da kai wa matba'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohuwar malamar lissafi ce, 'yar ƙasa, ina zaune a Jidda, Saudiyya. Da 'yar ƙanwata ta gama sakandare na tsara mata katin walima wanda sai mutum ya warware ɗan lissafi kafin ya gane rana da lokaci. Tun daga nan iyaye suke ta nema. A wata nakan samu aiki kamar shida, kowane kati 20 zuwa 40, ina sayar da ɗaya riyal 4, matba'a ce ke buga mini. Ina da riyal 6,000 a ajiye, an kuma nuna mini na'urar bugawa ta riyal 4,500. In saya? Sannan me ya sa nake ta aiki amma kuɗi ba ya taruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa albarka a wannan nema. Kada ki sayi na'urar yanzu. Kuɗin da ba ya taruwa kuwa, a wajen sa farashi yake zurarewa, don haka daga can za mu fara.

Ɗauki aiki guda na kati 40, girman A6, wato milimita 105 da 148, bugu gaba da baya. Matba'a ba ta buga kati ɗaya-ɗaya. Tana jera su a kan babbar takarda da ake kira SRA3, mai milimita 320 da 450, wadda ke ɗaukar kati 8 na wannan girman. Kati 40 takarda 5 ke nan, a ƙara ɗaya saboda wanda zai lalace a yanka, sun zama 6. Alƙaluman da za mu sa a nan na misali ne, ki cire su ki sa na faturarki, wato takardar kuɗin da matba'a ke ba ki. Mu ce takarda ɗaya riyal 6, an tashi 36. Ledar da ake mannawa a fuskar kati, wadda masu matba'a ke kira solofan, riyal 2 kowace takarda, 12. Yanka 10. Ambulan 44 a kan halala 50, riyal 22. Leda da kwalin miƙa kaya 5. Jimla 85. Harajin kaya a ƙasar nan kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, idan farashin da aka faɗa miki bai haɗa da shi ba, 85 ta koma 97 da halala 75. Kuɗin mota zuwa matba'a da dawowa, mu ce 25. Kin kashe kusan riyal 123 ke nan, kin karɓi 160. Riyal 37 ya rage miki, kuma a cikinsa ne za ki biya kanki awa biyu da rabi da kika yi kina tsarawa, kina amsa saƙon uwar yaro, kina gyara suna sau uku.

Aikin kati 20 ya fi wannan muni. Takarda 3 za ta ishe ki, amma yanka da kwali da mota ba su ragu ba. Ki lissafa za ki ga kin kashe riyal 82 da rabi, kin karɓi 80. Kin yi aikin kyauta, kin kuma cika riyal biyu da rabi daga jakarki.

Dalili shi ne kuɗin aikinki kashi biyu ne, ke kuwa kin ɗora shi duka a kan kati. Akwai wanda ba ya motsi ko kati nawa ne: lokacinki, mota, yanka, kwali. Akwai mai hawa da yawan kati: takarda, solofan, ambulan. A misalinmu, idan kika sa wa awarki riyal 40, na farkon ya haura 140, na biyun kuwa kamar riyal 2 ne a kowane kati. Ki ɗora riba da ɗan abin da za ki ware don ranar da za a sake bugu, sai farashinki ya zama riyal 175 kuɗin tsarawa, a tara da riyal 3 sau yawan kati. Kati 20 ya kama 235, kati 40 ya kama 295, kati 100 ya kama 475. Mai son kaɗan ya biya tsada a kowane kati, mai son da yawa ya ga sauƙi, ke kuma ba ki faɗi a ko ɗaya ba. Wasu za su ce ya yi tsada su tafi, kuma ba laifi, domin su ne dama ake yi wa aiki a kan asara. Ga masu ƙaramin ƙarfi, ki tanadi zane biyar ko shida da kika riga kika gama, waɗanda suna da rana kawai ake sauyawa, ki rage kuɗin tsarawarsu zuwa kamar rabi.

Yanzu na'ura. Idan kina bugawa a gida, abin da za ki huta da biya shi ne kuɗin bugu da na mota, amma za ki sayi takarda da tawada da kanki. Da ƙyar rarar ta wuce riyal 45 a aiki guda. Ki raba 4,500 da 45, aiki 100 ke nan. A aiki shida kowane wata, sai kin yi wata 17 kafin na'urar ta mayar da kuɗinta, in ba ta taɓa lalacewa ba. Kuma ita kaɗai ba ta gama kati. Kina buƙatar abin yanka mai nauyi da injin solofan. Yawancin na'urorin ofis ba sa jan takarda mai kauri sosai, da yawansu suna tsayawa ne a wajen giram 200 zuwa 220, alhali katin da zai tsaya a hannu ba ya lanƙwashewa yana son kushe, wato takarda mai santsi, mai giram 300 zuwa 350. In aka matsa musu sai su riƙa cije takardar, ko bugun baya ya goce daga na gaba. Ranar da aikinki ya kai ashirin da wani abu a wata, ya kuma zauna a haka wata shida a jere, a lokacin ne maganar na'ura za ta taso.

Abin da iyaye ke biya a wajenki shi ne lissafin, kuma a nan ne aibi ya fi fitowa a irin wannan kati. Kuskure ɗaya a katin malamar lissafi ya ishi mutane abin faɗa.

Na farko, alkiblar rubutu. Yaron makarantar gwamnati ya saba karanta lissafi daga dama zuwa hagu, da س da ص a madadin x da y. Yaron makarantar da ake koyarwa da Turanci daga hagu yake farawa. Idan kika rubuta 8 − 3 = 5 a tsakiyar jimlar Larabci, manhajar tana iya jera shi daga dama, wanda ya karanto daga hagu sai ya ga biyar daidai take da uku a ɗebe takwas. Tarawa da ninkawa ba sa nuna wannan matsalar, ɗebewa da rabawa ne ke tona ta. Maganinsa, ki sa kowane lissafi a akwatin rubutu nasa daban, kada ki cusa shi cikin jimla, kuma tun kafin ki fara ki tambayi uwar yaro wace makaranta 'yan ajinsa suke.

Na biyu, lambobin kansu. Kada ki haɗa iri biyu a kati ɗaya. Biyar ta Larabci, ٥, ga wanda ya saba da lambobin boko sifili ce. Shida, ٦, bakwai yake gani. Sifilin Larabci kuwa ɗigo ne kawai, ٠, kuma idan bayan katin zanen allo ne mai burbushin alli, ɗigon nan yakan ɓace a cikin burbushin, ƙarfe ١٠ ya koma ƙarfe ١. Ki bar wurin da lambobi suke fes, babu ado a bayansa.

Na uku, lissafin ya zama mai amsa ɗaya tak. Ke kin san 2 + 3 × 4 amsarsa 14 ce, amma cikin baƙi akwai wanda zai fara tarawa ya samu 20, ya zo ranar da ba ita ba. Ki sa alamar baka, ( ), ko ki sauya tambayar. Ga 'yan firamare, tarawa da jadawalin ninkawa sun isa: shekara 3 + 4, ƙarfe 2 × 3. Ga waɗanda suka gama sakandare, waɗanda suka sha gwagwarmaya da jarrabawar shiga jami'a ta Ƙudurat da Tahsili, za ki iya sa √49 a madadin 7, ko 2⁴ a madadin 16 ga wata. Ko yaya dai, a bayan katin ki rubuta rana da lokaci ƙarara da manyan baƙaƙe. Kaka ba za ta nemi alƙalami don ta san ranar walimar jikarta ba, direban da zai kai yara ma haka. Ki rubuta ranar Hijira da ta Miladiyya duka, ki duba su a kalandar Ummul Ƙura ta hukumar Saudiyya, ki sa sunan ranar, Alhamis ce ko Juma'a, domin da shi ne mai karatu zai kama kuskure in akwai. In an ce bayan Isha'i, ki nemi a faɗa miki ƙarfe nawa ake nufi, tunda lokacin sallar yana motsawa da watanni.

Akwai wani abu da ya kamata ki yi hattara da shi ƙwarai. Duk mai son lissafi yana sha'awar murabba'in nan mai gida tara, wanda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, yake ba da 15: 2, 7, 6 a sama, 9, 5, 1 a tsakiya, 4, 3, 8 a ƙasa. Mu Hausawa muna da tarihi da shi, domin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi, wanda ya fito daga Katsina ya zo aikin hajji, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai murabba'i cike da lambobin Larabci, a idon mutane da yawa hatimi ne, kuma kin san yadda ake ɗaukar maganar sihiri da layu a ƙasar nan. Uba ya buɗe jakar ɗansa ya ga wannan babu bayani, ba zai tsaya tambaya ba. Shawararmu ki bar shi. In kuwa mai aikin ya nace, ki bar gidaje uku ko huɗu babu komai, ki rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa wasan lissafi ne, a cike gurbi kowane layi ya ba da 15, ki kewaye shi da zanen fensir da rula. Haka nan katin yara, a kwandon shara yake ƙarewa ko a ƙasan mota, don haka ki ba iyaye shawara kada a sa aya ko bisimilla a kansa.

Sai shirya fayil ɗin da za ki kai matba'a. Ki tsara shi da launin bugu, CMYK, domin launin fuskar waya ya fi na takarda haske, shuɗi da kore masu ƙyalli sukan fito a dushe. Hotuna su kai ɗigo 300 a inci. Ki bar zanen ya zarce gefen katin da milimita 3 ta kowane ɓangare, rubutu kuma ya ja baya daga gefe da milimita 5, saboda wuƙar yanka tana iya gocewa da milimita guda. Wannan gocewar ce ke sa siririn layin da aka zagaye kati da shi ya fito gefe ɗaya ya fi faɗi, don haka ki guje shi. Kafin ki fitar da PDF, ki mayar da dukan rubutu ya zama zane. In ba ki yi ba, kwamfutar matba'a da ba ta da irin rubutunki za ta sauya shi, baƙaƙen Larabci su rarrabu, alamar √ da π da ÷ su koma akwatin banza. Masu son a sa musu Hausa a kati, ki gwada ƙ da ɗ da ɓ tun farko, domin yawancin rubutun ado ba su da su, sai sunan Ɗahiru ya fito babu harafin farko.

Zanen allo da alli shi ne aka fi so, shi ne kuma ya fi ba da wahala. Na'urar matba'a ta yau da kullum ba ta da farar tawada. Farin rubutun da kike gani takardar ce aka bari, aka shafe sauran da baƙi ko kore mai duhu. Saboda haka siririn rubutu yakan cushe, kada girmansa ya yi ƙasa da maki 9 a ma'aunin rubutun kwamfuta, kuma ki zaɓi mai ɗan kauri. Duhun fuska yana nuna shatin yatsa da ƙarzuwa, gefen da aka yanka kuma yakan ɓantare ya nuna fari, shi ya sa wannan zanen ba ya yiwuwa sai da solofan, marar ƙyalli ya fi kama da allo. Zanen takardar lissafi mai gida-gida a kan fari ya fi shi araha da rufin asiri, ki riƙa nuna wa masu sauri shi. Solofan kuma ba ya karɓar biro. In za a rubuta sunan baƙo da hannu, ko yaro zai warware lissafin a jikin katin, a sa solofan a gaba kawai a bar baya. Ko kuma ki karɓi jerin sunayen a buga kowane kati da nasa, tunda bugun dijital yana iya wannan, ki ɗora kuɗinsa daban. Kati mai naɗewa, ki ce a yi masa shatin naɗi kafin a lanƙwasa, in ba haka ba takarda mai giram 300 za ta tsage a gadon baya. A6 yana shiga ambulan C6, A5 kuma C5. Lambar QR ta wurin istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, ko zauren biki kada ta gaza santimita 2 da 2, baƙa a kan fari, da fili kewaye da ita, kuma ki gwada ta da waya biyu a kan takardar da aka buga. Kada ki bar kwalin kati a mota da rana, zafin Jidda da damshinta suna lanƙwasa shi, musamman mai solofan a fuska ɗaya.

Duk wannan ba zai hana asara ba in babu ƙa'ida tsakaninki da mai aiki. Ki karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, domin katin da aka buga da sunan wani yaro ba shi da mai saye na biyu. Gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗi. Kafin bugu ki tura hoton ƙarshe, ki nemi a rubuto miki "na duba, a buga", a rubuce, ban da saƙon murya. Ki faɗa tun farko cewa kuskuren da ya fito daga gare ki ke za ki sake bugawa, wanda aka amince da shi kuma mai aiki ne zai biya. Ki sa wani ya warware lissafin bai ga amsar ba, ko da ɗanki ne, domin idon da ya rubuta abu ba ya ganin kuskurensa. Ki ce kwana biyar ko da matba'a ta ce biyu, kuma ki tuna lokutan aiki suna sauyawa da azumi, ana rufewa da bikin salla.

Game da takardu, tunda ke 'yar ƙasa ce hanya a buɗe take. Akwai takardar izinin mai sana'ar kansa da ake nema ta intanet a ƙarƙashin ma'aikatar kula da ma'aikata, wadda ta dace da mai tsara zane, akwai kuma sijil, wato rajistar kasuwanci, idan abin ya girma. Ki buɗe asusun banki na sana'ar daban da na cefane. Rajistar harajin kaya ba ta zama dole sai cinikin shekara ya wuce riyal 375,000, ana kuma iya yin ta don ganin dama daga 187,500, ke kina nesa da duka biyun, ma'ana harajin da kika biya matba'a ba zai dawo miki ba, shi ya sa muka sa shi cikin kuɗin kaya. Buɗe wurin bugu ga jama'a yana da lasisinsa daban, wannan ma wani dalili ne na barin bugun a hannun matba'a. Ga 'yan'uwa masu karatu da ke zaune da iƙama, maganar ta sha bamban: yin kasuwanci da sunan wani ɗan ƙasa shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, a kan mai aron sunan da wanda ya ba da aron. Kada son taimakon wata ya sa ki ba ta sunanki ta yi ciniki da shi. Hotunan 'yan wasan yara na talabijin kuma suna da masu su, ko uwa ta roƙa kada ki buga. Da'ira da alwatika da π ba na kowa ba ne, sun ishe ki ado.

To ina riyal 6,000 za su tafi? Ki ware kamar 600 ki buga samfuri na gaske na zanenki shida, a matba'a biyu daban, ki kwatanta launi da yanka ki zaɓi wadda za ki zauna da ita. Kamar 500 a ambulan da leda da kwali a sari. Ɗan wani abu a rubutun Larabci da na boko masu izinin kasuwanci. Sauran ki bar shi a asusu, shi ne zai ɗauke ki a ƙarshen shekarar karatu, lokacin da walimar kammala makaranta ke zuwa a jere kuma matba'a ke son kuɗinta nan take.

Abokin gasarki na gaskiya shi ne gayyatar WhatsApp, wadda kusan kowa ya koma gare ta. Ki sayar da ita ke ma: zanen da kika riga kika yi, ki mayar da shi tsayin fuskar waya, 1080 da 1920, babu takarda babu mota, kusan duk kuɗin naki ne. Daga zane ɗaya kuma ake fitar da sitika na kayan rabo, da allon maraba na bakin ƙofa, da lambobin tebur inda tebur na tara zai zama 3², waɗannan sukan fi katin kansa riba domin aikin tsarawa an riga an biya shi. Ki ɗauki samfurinki ki kai makarantu masu zaman kansu da cibiyoyin koyar da yara da ke kusa da ke, ki fara da malaman da kuka yi aiki tare. Ranar 14 ga Maris ita ce ranar lissafi ta duniya, wadda UNESCO ta ayyana a 2019, ga kuma gasar lissafi ta Kangaru da Mawhiba, gidauniyar kula da yara masu hazaƙa, ke shiryawa ɗalibai, makarantu kan karrama waɗanda suka yi fice. Makaranta ɗaya tana iya ba ki kati 150 a zane guda, wanda a sabon farashinki riyal 625 ne. Ki kai musu samfurin tun watan Janairu, kafin su gama tsara abin da za su kashe.